Wa Ya Yi Fasa-ƙwaurin Ofiyom Zuwa Ƙasar Sin, Gwamnatin Ingila ko 'Yan Kasuwa?

Wani ɗan'uwa mai sha'awar tarihi ya aiko da tambaya yana cewa ya sha jin ana faɗin cewa Turawan Ingila sun yaƙi ƙasar Sin domin su tilasta wa Sinawa shan ƙwaya, kuma maganar ta ɗaure masa kai. Yana so ya san ko gwamnatin Ingila ce da kanta take fasa-ƙwaurin ko kuwa 'yan kasuwa ne masu zaman kansu, sannan idan har dokar Sin ta hana shigo da kayan, ta wace kafa suka riƙa kwarara har suka kai dubban akwatuna a shekara.

Malam, tambayarka ta taɓo ainihin inda gizo yake saƙa. Hukumar Ingila ba ita take ɗora ofiyom a jirgi ta kai gaɓar Sin ba, amma ta hannun Kamfanin Gabashin Indiya da ke mulki da izininta, ita take sa a noma shi, ita take sarrafa shi, ita take sayar da shi ga mutanen da ta san sarai inda za su kai shi, kuma ranar da Sinawa suka kama kayan, ita ce ta turo jiragen yaƙi domin karɓar diyya. An tsara cinikin ne ta yadda kowa zai ci rabonsa, amma in aka zo neman mai laifi kowa ya nuna na gabansa.

Shi ofiyom, wanda Larabawa ke kira afyun, ƙaro ne da ake samu daga ƙwallon wani fure, kuma daga gare shi ake fitar da mofin da kodin da hiroyin. Sinawa sun san shi a matsayin magani ɗaruruwan shekaru kafin zuwan Turawa, suna haɗiyarsa kaɗan kaɗan saboda gudawa da raɗaɗi. Abin da ya canja shi ne zuƙar hayaƙinsa a lofe, wadda ta fara da gauraya shi da taba, daga baya aka koma zuƙarsa zalla. Sarki Yongzheng ya hana sayar da shi tun a 1729, lokacin da abin da ke shiga ƙasar bai wuce akwati 200 a shekara ba.

Tushen maganar kuwa shayi ne. A ƙarni na 18 mutanen Ingila sun kamu da son shayi har ya zama abincin talaka da mai kuɗi, kuma a wancan zamani Sin kaɗai ke sayar da shi. Harajin da gwamnatin Landan ke karɓa a kan shayi ya kai wajen kashi ɗaya cikin goma na dukan kuɗin shigarta. Matsalar ita ce Sinawa ba su da wata buƙata ta a zo a gani ga ulu da sauran kayan Ingila, azurfa suke so a biya su da ita. Tun daga 1757 kuma Sarki Qianlong ya taƙaita cinikin Turawan Yamma ga tashar Kanton kaɗai, wadda yau ake kira Guangzhou, inda baƙi ke zaune a wata 'yar unguwa a bakin kogi, a wajen ganuwar birni, ba su da ikon ciniki da kowa sai wasu 'yan tsirarun fatake masu lasisin sarki da ake kira Hong. Da Ingila ta aika da jakada Macartney a 1793 ya nemi a buɗe ƙarin tashoshi, sai Qianlong ya mayar wa Sarki George na Uku da amsa cewa ƙasarsa tana da komai, ba ta bukatar ƙere-ƙeren baƙi.

Maganin wannan giɓi daga Indiya ya fito. Kamfanin Gabashin Indiya, wanda ɗan kasuwa ne mai soja da kotu da ikon karɓar haraji, kamar dai yadda Kamfanin Neja ya kasance a nan kafin 1900, ya mallaki Bengal bayan yaƙin Plassey na 1757. A 1773, zamanin Warren Hastings, gwamnan kamfanin a Bengal, kamfanin ya kulle cinikin ofiyom na yankin a hannunsa shi kaɗai. Manomi a ƙasar Patna ko Banaras yakan karɓi kuɗin kafin alƙalami daga wakilin kamfani, bisa sharaɗin zai shuka furen a gonarsa kuma ba zai sayar wa kowa ba sai kamfani, a farashin da kamfani ya yanke. Idan furen ya zube ƙwallon ya kumbura, sai a bi shi da 'yar wuƙa da yamma a tsattsaga, ƙaron ya tsattsafo cikin dare, da sassafe a bi a kankare. A ma'aikatar Patna da ta Ghazipur ake cuɗa shi, a dunƙula shi ƙwallo ƙwallo, a naɗe da busassun ganyen furen, a jera ƙwallo 40 a akwatin katako mai nauyin wajen kilo 60 zuwa 65, a buga masa hatimin kamfani. Daga nan sai Kalkata, inda ake yin gwanjonsa a bainar jama'a. Da an buga ƙararrawar gwanjo, kamfani ya karɓi kuɗinsa, sai ya ce shi kam ya wanke hannu, inda mai saye zai kai kayansa ba ruwansa.

Amma wanke hannun na baka ne. In ban da wani gwaji da Hastings ya yi a farkon shekarun 1780, wanda ya ƙare a asara, kamfanin ya hana jiragensa ɗaukar ofiyom zuwa Sin domin kada a ƙwace masa damar sayen shayi. A lokaci guda kuma shi ne ke ba jiragen 'yan kasuwa masu zaman kansu lasisin zirga-zirga tsakanin Indiya da Sin, kuma cikin sharuɗɗan lasisin akwai cewa kada su ɗauki wani ofiyom in ba na kamfani ba. Har ɗanɗanon masu zuƙa a Sin kamfanin ke bibiya domin ya daidaita kayansa da abin da suke so. Wanda ya yi wannan ba zai ce bai san inda kaya suka nufa ba.

Yanzu ga kafar da ka tambaya. Bayan an ƙara tsananta dokar hani a ƙarshen ƙarni na 18, kayan sun ci gaba da shiga ta tashoshin Macau da Whampoa da ke kan hanyar shiga Kanton, har zuwa 1821 da hukumomin Kanton suka matsa lamba. Sai 'yan fasa-ƙwauri suka koma tsibirin Lintin a bakin Kogin Lu'ulu'u, wato kogin da ya bi ta Kanton, suka girke tsofaffin jirage masu bindigogi suka mai da su rumbunan kan ruwa. Dillalin Basine yakan je ofishin Bature a Kanton ya zube azurfa, a ba shi 'yar takarda. Takardar ce za a kai Lintin, a fasa akwati, a juye ƙwallayen a buhunan tabarma, a loda su a wasu dogayen kwale-kwale masu matuƙa hamsin ko fiye, waɗanda Sinawa suka laƙaba wa suna kaguwa mai sauri. Su ne ke kutsawa cikin rassan kogi da dare, wani lokaci ma da rana tsaka, domin jami'an sintiri suna da kasonsu a kan kowane akwati, kuma akwai lokutan da jiragen sintirin da kansu ke yin dakon. Saboda haka Bature yana iya rantsuwa cewa bai taka ƙasar Sin da ofiyom ba, ya faɗi gaskiya kuwa, domin Basine ne ya shigar da shi.

Yadda kuɗin ke zagayawa shi ya fi komai nuna cewa abin shiryayye ne. Ɗan fasa-ƙwauri ba ya son ya ɗauki tulin azurfa a teku mai 'yan fashi, sai ya kai ta baitulmalin kamfani a Kanton, a ba shi takardar da zai karɓi kuɗinsa a Kalkata ko Landan. Da wannan azurfa kamfani ke sayen shayi. Ke nan azurfar Basine ce ke sayen shayin Basine a kai wa Bature, manomin Indiya na biyan wahala, baitulmalin Landan na karɓar haraji, gwamnatin kamfani a Indiya kuma na karɓar ribar gwanjo.

Wajen 1820 abin da ke shiga bai wuce akwati 4,000 zuwa 5,000 a shekara ba, amma kafin 1839 ya doshi 40,000. Dalilai biyu suka kawo haka. Na farko, ofiyom ɗin Malwa, wanda ake nomawa a ƙasashen sarakunan gargajiya na yammacin Indiya inda kamfani ba shi da iko, ya shigo kasuwa ta Bombay da Daman, kamfani ya ƙara noma domin ya yi gasa da shi, farashi ya faɗi, har leburori da sojoji suka iya saye. Na biyu, a 1834 majalisar Ingila ta karɓe wa kamfani ikon da yake da shi na cinikin Sin shi kaɗai, ƙofa ta buɗe wa kowa. Manyan masu wannan harka su ne kamfanin Jardine da Matheson, wanda 'yan Sikotland biyu suka kafa a 1832, da abokin gabarsu Dent. Ba Turawan Ingila kaɗai ba ne: fataken Farisawan Bombay irin su Jamsetjee Jejeebhoy sun yi dukiya a ciki, Amurkawa kuma suna kawo na Turkiyya daga Izmir, cikinsu har da Warren Delano na kamfanin Russell, kakan Shugaba Franklin Roosevelt na wajen uwa. Har wani ɗan mishan Bajamushe, Karl Gützlaff, ya yi wa jiragen Jardine tafinta a gaɓar arewa, yana raba littattafan addini a tafiyar da ake sauke akwatuna.

Abin da ya tayar wa fadar Beijing hankali ba lafiyar mashaya ce kaɗai ba, akwai ɓacewar azurfa. Talakan Sin yana sayar da amfanin gonarsa da kuɗin tagulla, amma harajinsa da azurfa ake ƙiyasta shi. Da azurfa ta yi ƙaranci ta yi tsada, sai ya zamana harajin manomi ya hau ba tare da sarki ya ƙara ko anini ba. Masana tarihin tattalin arziki sun nuna cewa yaƙe-yaƙen neman 'yanci a Latin Amurka, inda mahaƙar azurfar duniya take, su ma sun taimaka wajen ƙarancin, amma a idon fada ofiyom ne ɓarawon. A 1836 wani babban jami'i, Xu Naiji, ya ba da shawarar a halatta shi a sa masa haraji, a hana biya da azurfa. Wasu suka ce a kashe mashaya. Sarki Daoguang ya bi masu tsauri, ya naɗa Lin Zexu, gwamnan da aka sani da tsantseni da ƙin cin hanci, kwamishina mai cikakken iko.

Lin ya iso Kanton ranar 10 ga Maris 1839. Ya fara da 'yan ƙasarsa, ya kama dillalai, ya ƙwace dubban lofe, sannan ya juyo kan baƙi ya ce su miƙa duk abin da ke hannunsu, su kuma sa hannu cewa ba za su sake kawowa ba, in sun sake a kashe su. Da suka fara jan ƙafa, suna zaton irin jami'an da suka saba ne waɗanda ake rufe wa baki da na goro, sai ya janye musu masu dafa abinci da barori, ya kewaye unguwar da soja, baƙi wajen 350 suka zauna a tsare har mako shida.

A nan ne abin ya juya, kuma ina roƙonka ka riƙe wannan gaɓa fiye da sauran. Wakilin gwamnatin Ingila a wurin, Kyaftin Charles Elliot, mutum ne da ke ƙyamar cinikin ofiyom, ya kuma rubuta hakan. Amma domin ya fitar da mutanensa, sai ya umarci 'yan kasuwar su miƙa masa kayan a matsayinsa na wakilin Sarauniya, ya yi musu alkawarin gwamnati za ta biya su, shi kuma ya miƙa wa Lin. 'Yan kasuwar da suka yi watanni kayansu na kwance ba mai saye, sai ga mai saye ya faɗo musu daga sama, suka tattaro akwati 20,283. Da wannan sa hannu guda, kayan fasa-ƙwauri suka zama dukiyar Sarauniyar Ingila, bashin wajen fam miliyan biyu kuma ya hau kan gwamnatin da ba ta da niyyar roƙon majalisa ta biya 'yan ƙwaya daga aljihun masu biyan haraji. Hanya ɗaya ta rage, a sa Sin ta biya.

Lin bai san haka ba. Daga ranar 3 ga Yuni ya sa aka haƙa manyan ramuka uku a Humen, a bakin teku, aka shimfiɗe su da duwatsu, ma'aikata wajen 500 suna farfasa ƙwallayen suna zubawa a ruwa, ana ƙara gishiri da ƙonanniyar farar ƙasa har abin ya tafasa ya narke, in ruwan teku ya janye a buɗe ƙofa ya tafi da shi. An yi kwana 23 ana wannan aiki. Bai ƙone shi da wuta ba, kamar yadda wasu ke faɗa, domin ya san ƙasar wurin za ta tsotse ragowar, mutane su zo su tone. Ya kuma rubuta wa Sarauniya Victoria wasiƙa yana cewa ya ji an hana shan ofiyom a ƙasarta, to da wane lamiri za ta bar mutanenta su kai wa wasu cutar da ta ƙi wa nata. Wasiƙar ba ta kai hannunta ba, kuma a kan wannan batu Lin ya yi kuskure, domin a Ingilar wancan zamani ana sayar da ruwan ofiyom a kantin unguwa, har jarirai ake ɗura wa su yi barci. Kuskurensa mafi girma shi ne raina ƙarfin jiragen Ingila, da zaton cewa in aka hana Turawa shayi za su durƙusa.

A Landan, William Jardine ya zauna da sakataren harkokin waje Palmerston da taswirori, ya ba shi shawarar yawan jiragen da ake bukata da tashoshin da za a nema. Gwamnati ta yanke shawarar tura runduna tun a ƙarshen 1839. Da 'yan adawa suka kawo ƙudurin tsine wa matakin a majalisa a Afrilun 1840, matashin ɗan majalisa William Gladstone ya ce bai san wani yaƙi da ya fi wannan rashin adalci a asalinsa ba. Gwamnati ta tsira da ƙuri'a 271 a kan 262. Wannan tazara ta ƙuri'a tara shaida ce cewa ko a wancan lokaci an san abin kunya ne, ba mu ne muka zo daga baya muna auna mutanen da da ma'aunin yau ba.

Yaƙin kansa ba shi da dogon labari. Jiragen katako na Sin ba su iya tsayawa gaban irin su Nemesis, jirgin ƙarfe mai tafiya da tururi wanda ke shiga ruwa marar zurfi, kuma da yawan sojojin da Ingila ta kawo Indiyawa ne. An tuɓe Lin aka kore shi zuwa Ili a can Xinjiang. Da rundunar ta kama Zhenjiang a Yulin 1842 ta datse babbar hanyar ruwan da ke kai hatsi Beijing, fada ta sallama. Ranar 29 ga Agusta 1842 aka sa hannu a yarjejeniyar Nanjing a cikin jirgin yaƙin Ingila: Sin za ta biya dalar azurfa miliyan 21, shida kuɗin ofiyom ɗin da aka narkar, uku bashin fataken Hong, goma sha biyu kuɗin yaƙi, za ta ba da tsibirin Hong Kong, za ta buɗe Kanton da Xiamen da Fuzhou da Ningbo da Shanghai. A shekara mai zuwa aka ƙara cewa Baturen Ingila da ya yi laifi a Sin jakadansa ne zai hukunta shi, ba alƙalin Sin ba, Amurka da Faransa kuma suka samu irin wannan a 1844. Ka lura cewa yarjejeniyar ba ta ce uffan a kan halaccin ofiyom ba. Ya ci gaba da zama haramun a takarda, sai dai yanzu ɗan fasa-ƙwauri yana da tsibiri nasa na ajiya, da tutar da ke kare shi, da kotun da ba ta Sin ba.

Akwai masu cewa yaƙin ba na ofiyom ba ne, na daraja ne. Tsohon shugaban Amurka John Quincy Adams ya faɗa a 1841 cewa musabbabin shi ne girman kan fadar Sin, wadda ke son jakadu su durƙusa sau uku su buga goshi da ƙasa sau tara. Gaskiya ne tsarin Kanton yana da takura, kuma Ingila ta daɗe tana neman a ɗauke ta a matsayin tsara. Amma ta haƙura da wannan takura shekara tamanin ba ta ƙaddamar da yaƙi ba, sai da aka taɓa akwatunan. A ganina wannan ya isa hujja. Ita kuwa kalmar tilastawa da ka ji, tana bukatar gyara: ba a ɗura wa kowa hayaƙi a baki ba, kuma ba don dillalai da jami'an Sin sun ba da hannu ba, da kayan ba su wuce bakin teku ba. Abin da aka tilasta wa Sin shi ne ta daina aiwatar da dokarta a kan baƙi a cikin ƙasarta.

Halattawar ta zo ne a yaƙi na biyu, wanda ya tashi a 1856 a kan wani ƙaramin jirgi mai suna Arrow da jami'an Kanton suka kama, Faransa kuma ta shiga. A 1858, Sin na fama da babban tawayen cikin gida na Taiping tana neman kuɗi ido rufe, ta amince a sa wa ofiyom kuɗin kwastan, aka kuma sake masa suna maganin waje. A 1860 jakadan Ingila Lord Elgin ya sa aka ƙone fadar shaƙatawa ta Yuanmingyuan, aka ƙara wa Ingila Kowloon. Shigo da kayan ya kai ƙololuwa wajen 1880, sama da akwati 80,000 a shekara, kuma a tsakiyar ƙarnin kusan kashi ɗaya cikin bakwai na kuɗin shigar gwamnatin Turawa a Indiya daga nan yake fitowa. Daga 1858 ma babu sauran labulen kamfani, gwamnatin Sarauniya ce kai tsaye ke noma da gwanjo. Abin da ya karya cinikin a ƙarshe shi ne manoman Sichuan da Yunnan sun koma shuka nasu mai araha, har ya fi na Indiya yawa.

Da kasuwa ta fara mutuwa ne kunnen Landan ya buɗe ga masu wa'azin a daina cinikin. Hukumar binciken da aka kafa a 1893 ta wanke cinikin a rahotonta na 1895, amma a 1907 Ingila ta yarda ta riƙa rage fitarwa da kashi ɗaya cikin goma kowace shekara muddin Sin na rage nata noman, kuma a 1913 aka daina sayar da na Indiya domin kasuwar Sin. A yankunan mulkin mallaka kuwa abin ya daɗe, domin gwamnatocin Hong Kong da Singafo suna sayar da lasisin dafa ofiyom da sayar da shi ga Sinawa leburori, da kuɗin ake tafiyar da mulki. Gwamnan Hong Kong daga 1907 zuwa 1912 shi ne Lugard, wanda ya tafi can bayan ya ci Kano da Sakkwato, kuma ya yi suna wajen sukar cinikin barasar Turawa a Afirka ta Yamma. Da umarni ya zo daga Landan a 1908 cewa a rufe gidajen zuƙar ofiyom, ya rubuta yana jan hankali kan giɓin da za a samu a baitulmali, yana neman a bi a hankali. An rufe gidajen a 1910, amma a 1914 gwamnatin Hong Kong ta karɓi dafawa da sayarwar a hannunta, ta ci gaba da yi har sai da aka haramta shi a 1945.